Bargon Bakwainin Radiya

Ni na ɗinka bargon, kuma ba wanda ya sa ni. Sunana Tayyiba, shekara ashirin da biyu ke nan ina taka keke a gidanmu na Ƙofar Gayan, kuma ba yabon kai ba, a layinmu in aka ce ɗinkin kayan jarirai ƙofata ake nunawa. Na faɗi haka ne don kar wani ya ce rashin sani ne ya ja ni.

Ƙanwata Radiya ta shekara goma sha ɗaya a ɗakin Malam Nafi'u, ciki uku duk suka zube. Na huɗun ya zauna, har muka fara sakin jiki, sai ga naƙuda tun watan takwas bai cika ba. Ranar Juma'a ta haifi namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi, in an miƙo miki shi a zani sai kin buɗe kin tabbata yana ciki. Asibiti suka riƙe su kwana biyu, suka sallamo su da magana ɗaya: a ɗumama shi, kar sanyi ya taɓa shi. Da yake haihuwar fari ce, gida aka kawo ta wanka, aka ba ta ɗakin marigayiya Innarmu, mai rufin kwano da taga guda.

Gwaggo Rahmatu, ƙanwar babanmu, ita ta karɓi jegon. Tsohuwar nan in ta riƙe magana ko likitan da ya faɗe ta bai isa ya ƙwace ba. An ce a ɗumama yaro, to shi ke nan. Ta toshe tagar da tsummoki, ta saki labule biyu a ƙofa, ta tura kaskon gawayi ƙarƙashin gado. Lokacin marka ce, ruwa ya kwana ya wuni, don haka ba wanda ya ga laifinta. Ni ma ban gani ba.

Ranar Litinin na hau napep cikin yayyafi na tafi kasuwar Sabon Gari. Na ci alwashin yaron da muka shekara goma sha ɗaya muna roƙo ba zai fita suna cikin bargon kanti ba, irin wanda za ki je barka gida uku ki tarar da shi a duk ukun. Na sayo yadin nan mai gashi, mai taushi, wanda ni nake ce wa fatar zomo, shuɗi da fari da ruwan ƙwai. Duk wanda ya shafa shi sai ya ƙara shafawa. Amma duk telar da ta taɓa sa masa almakashi ta san halinsa. Kina yankawa gashin bakin yana zuba, kuma ba ƙasa yake faɗuwa ba kamar guntun zare, tashi yake yi. Ya hau gira, ya cushe kwarkwaron keke, ki zo shan ruwa ki gan shi a kofi. Shi ya sa ƙa'idata a tsakar gida nake yanka shi, in kakkaɓe kowane ƙyalle, in bi bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ya shiga ɗaki. Mata nawa na koya wa haka, wasu har da masifa.

To, tsakar gidan ta zama tafki, ɗakina kuma soro ne, yana yoyo wuri biyu, na tara roba da bokiti. Ina tsaye a bakin ƙofar mai jego ina tsaki, Radiya ta ce, "Yaya, ki kawo keken nan mana. Ni kaɗai nake wuni da Gwaggo, ko rediyo ta hana ni."

Gwaggo ta ce, "Kawo, amma ba mai ɗaga mini labule."

Na kawo. Na ce a raina ai a hankali zan yanka, kaɗan-kaɗan.

Da falle ɗaya na yi, yanka huɗu ne a gama. Amma ina! Wai ni Tayyiba sai na yi abin a zo a gani. Na zana gida-gida arba'in da takwas, kala uku a jere, kowane gida da bakinsa huɗu. Na kunna fitilar caji don ɗakin da duhu ko da rana, na zauna a tabarma kamu uku daga gadon, na dinga yanka. A hasken fitilar ina ganin gashin yana yawo, yana hawa yana sauka. Gwaggo kuma duk bayan jimawa ta jawo kasko ta fifita, abin da ya kwanta ya sake tashi. Na gani da idona. Sai dai hira ta yi daɗi, rabon da in ji dariyar Radiya har na manta, kuma ɗakin ga ɗumi.

Radiya kuwa sai ka ce ba ita ta haife shi ba. Kunyar ɗan fari take yi, irin ta mutanen da. A gaban Gwaggo ba ta kallonsa, ba ta ɗaukarsa sai an ɗora mata, in za ta ambace shi sai ta ce "wannan". Gwaggo har yaba mata take, wai ita ce 'yar halas, ba irin 'yan yanzu masu ɗaukar jinjiri hoto tun cibi bai faɗi ba.

Ranar Talata da hantsi yaron ya yi atishawa, sau uku a jere, ƙarama kamar ta kyanwa.

Gwaggo ta miƙe. "Kun gani ko? Sanyi! Wa ya ɗaga labulen nan?"

Ba wanda ya ɗaga. Ta ƙara gawayi, ta samo tsohon zani ta toshe ƙasan ƙofa. Ni kuwa ƙafata ta tsaya a kan keke. Wani tunani ya zo mini, sarai ya zo, ba a ɓoye ba. Na dubi gidajen da na riga na haɗa, talatin, saura goma sha takwas, ga suna saura kwana uku. Na ce atishawar jariri ai ba abin mamaki ba ce. Na ci gaba da takawa.

Laraba ce ranar haɗawa. Falle uku ake yi: fatar zomon a sama, auduga a tsakiya, atamfa mai taushi a ƙasa. Yadin nan santsi gare shi, yana gudu a ƙarƙashin allura, sai kin soka fil kusa-kusa, kina ɗinki kina lallashi. Na bi shi da layi a karkace, na dawo na gicciye, na kalmashe bakin, na datse abin da ya yi saura. Datsar nan ma wani gashin ne. Kafin la'asar na gama, kuma wallahi ban taɓa ɗinka abu mai kyansa ba. Ina jin haushin kaina in na faɗi haka, amma gaskiya ce.

A lokacin yaron ya rage kama nono. In ya ja numfashi akwai ɗan fito a ciki, siriri. Mata 'yan barka sun cika bakin ƙofa, bargon yana yawo hannu zuwa hannu, ana ta "Kai, Tayyiba, hannunki!" Gwaggo ta ce a lulluɓa masa, wannan ya fi zannuwan nan ɗumi.

Na ce, "Gwaggo, a bari in wanke shi tukuna, in shanya."

"A ruwan nan? Ya bushe yaushe, bayan arba'in? Yaro na fama da mura kina zancen wanki."

Matan suka yi dariya. Da wata ce ta kawo mini wannan maganar a kan ɗinkinta, da sai ta raina kanta. Amma ana yabona, kuma ina so a gan shi a ciki. Da hannuna na lulluɓa masa, har haɓa.

Alhamis da safe Salomi ta zo barka daga Wusasa. Tare muka yi firamare, ita ta zama nas, ni nake ɗinka mata kayan zuwa coci. Ta yi sallama da sabulunta da turmin zani, ta ɗaga labule, sai ta tsaya cak. Ta yi tari, ta shafa fuskarta ta dubi tafin hannunta.

"Me kuke ƙonawa a nan? Wannan kuma mene ne yake tashi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta yaye bargon ta yar a ƙasa, ta ɗauki yaron ta fito da shi rumfa inda haske yake. Gwaggo ta biyo ta tana salati, wai za a kashe mata jika da iska. Salomi ko kallonta ba ta yi ba. Ta murza 'yar auduga ta sa a hancinsa, ta zaro. Abin da ya fito shuɗi ne. Ta ɗaga rigarsa, muka ga ƙirjin yana lotsawa tsakanin haƙarƙari duk in ya ja numfashi, leɓensa kuma ya yi duhu.

"Tayyiba, nemo napep yanzu-yanzu. Ki kira babansa ya same mu a can."

Ban san na fita ba takalmi ba sai da na ga ƙafata cikin taɓo a bakin titi.

A asibiti suka sa shi a kwalba, suka maƙala masa robar iska a hanci. Na tare Salomi a baranda, na riƙe mata hannu.

"Ki faɗa mini gaskiya, don girman Allah. Yadin nan ne?"

Ta ce, "Ba zan ce miki shi kaɗai ba ne. Huhunsa bai ƙosa ba, ga hayaƙin gawayi kwana huɗu a rufe. Ko ɗaya daga ciki ya isa ya wahalar da shi. Amma abin da na zaro, ke ma kin san kalarsa."

Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba. Ta zare hannunta ta koma ciki.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba aka raɗa suna a masallacin unguwa, tunda kwana bakwai sun cika, an riga an raba goro. Umair. Malam Nafi'u ya zo asibiti da kansa ya sunkuya a jikin kwalbar ya faɗa masa. Wajen ƙarfe goma yaron ya cika. Awa huɗu ya yi da sunansa. Ragon da aka yanka, 'yan gaisuwa ne suka ci.

Ba wanda ya ce mini kanzil. Kowa ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare, dama bakwaini sai an yi sa'a. Gwaggo ta tsaya a kan cewa fitar da aka yi da shi cikin iska ce, kuma ba wanda ya musa mata, don ta tsufa kuma ita ma kuka take. Har wata maƙwabciya ta ja ni gefe tana tambaya ko akwai sauran yadin nan, 'yarta ta kusa. Allah ne ya rufe mini baki ranar.

Wankan jego kuma ba a fasa shi don ɗa ya mutu. Safe da yamma ana dafa ruwa da ganye, Radiya ta shiga bayan gida ta fito jikinta na tururi, nono ya cika ya sa ta zazzaɓi, ba mai sha. Ran kwana na uku da rasuwar, da yamma, Gwaggo ta kwanta da ciwon baya, ni na kai mata ruwan. Da ta fito na bi ta ɗaki. An buɗe tagar yanzu, an fitar da kasko. Ta zauna a bakin gado tana ɗaura ɗankwali, ni na durƙusa a gabanta, ni da na goya ta.

"Radiya, akwai abin da ban faɗa ba. Na san halin yadin nan. Na san ba a yanka shi a ɗaki, balle ɗakin jinjiri. Tun ranar da ya yi atishawa na yi tunanin, na ƙi tsayawa don ina so in gama. Ki ce mini duk abin da kika ga dama."

Ta ci gaba da ɗaurin har ta gama. Ba ta dube ni ba.

"Tashi, Yaya."

"Ba zan tashi ba sai kin yi magana."

"Tun ranar Talata nake cire masa gashin yadin," ta ce. "In Gwaggo ta fita alwala, ke kuma kin sunkuya a kan keke, sai in murza bakin zanina in zaro masa a hanci. Har a harshensa na samu. Sau nawa na buɗe baki."

"To me ya hana ki?"

"In ce me? In ce ɗana? A gaban Gwaggo?" Muryarta ba ta ko rawa. "Shekara goma sha ɗaya ana cewa na ƙagu, na cika zalama. Na ce in na nuna na damu da shi tun bai kwana bakwai ba, za a ce ga ta nan, ba kunya. Kuma na ga yadda kike murna."

Na zo ne da kayana in sauke a gabanta, ashe nata ya fi nawa nauyi, kuma ba ni da inda zan kama mata.

Ta dafe ƙirjinta inda rigar ta jiƙe, ta runtse ido don zafi.

"Yaya, ko sau ɗaya ban kira sunansa ba. Yana cikin kwalbar nan ina tsaye, ga babansa, ga nas, na ji kunya."

Daga tsakar gida Gwaggo ta ɗaga murya tana tambaya ko mai jego ta sha kununta. Radiya ta goge fuska da bayan hannu, ta gyara zama, ta amsa cewa yanzu za ta sha.