Sandar Gadon Mero

Ranar wata kasuwar Yankara na haɗu da mutumin da ya fi ni tsawo, kuma a ranar na buɗe ɗakin Mero.

Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da Faransanci a Faskari da Sabuwa, ban taɓa cin karo da wanda ya buƙace shi ba. Saboda haka da Barau mai gyaran keke ya ƙwala mini kira, na ɗauka tsokana ce.

"Malam Audi, taho ka ji wanga bawan Allah! Yaren nan naka na banza shika yi."

Baƙon ya miƙe don ya gaishe ni, sai na ga har yanzu miƙewa yake. Sunansa Abdulgafar, daga Sanagal, kuma a keke ya nufi Makka. Ƙarfen sirdinsa ne ya karye bayan ya baro Kankara, ya turo keken har nan.

Barau ya gwada duk ƙarfen da ke rumfarsa. Kowanne aka ɗaura, baƙon ya hau, sai gwiwoyinsa su kai wa haɓarsa gaisuwa. Masu hatsi suka bar buhunansu suka zo kallo. Shi ma dariya yake yi, har da dafa ciki.

"Ko Funtuwa babu mai tsawon nan," in ji Barau. Ya dube ni ta gefen ido. "Sai dai irin naka, Malam."

Kowa a garin ya san labarin. Muna sabon aure Mero ta gaji da ganina a kan keke kamar raƙumi a kan jaki. Ta kwance ɗaya daga sandunan rumfar gadonta na ƙarfe, gadon da iyayenta suka kawo ta da shi, ta aika wa maƙeri ya mayar da ita ƙarfen sirdi. Mahaifiyarta ba ta amsa gaisuwata ba sai da aka yi sallah. Wancan ƙarfe tsatsa ta cinye shi tare da keken. Amma saura sanduna uku a ɗakin da na kulle tun ranar da aka kai Mero makwancinta.

"A'a," na ce.

"Malam, baƙon Allah ne fa."

"To Allah ya ba shi."

Abdulgafar ya tambayi abin da ake cewa. Na ce masa babu ƙarfe. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba komai, zai tuƙa a tsaye, ai Makka ba ta guduwa.

Haka Mero take cewa. Duk shekara in maniyyata suka tashi, sai ta ce baɗi da mu. Na karanta littattafai da yawa a kan haƙuri, babu wanda ya ambaci cewa baɗi tana ƙarewa.

Na tafi gida ban yi wa kowa sallama ba. Makullin ya yi gardama, sannan ya yarda. Na kwance sandar da ke wajen kai, shuɗiya mai zanen furanni. Rumfar ta karkace kamar hular ɗan kasuwa, na tsaya ina dariya ni kaɗai, don na san abin da za ta ce.

Barau ya sa zarto, ya goge bakin, ya zura. Ta zauna daram. Baƙon ya hau, ya taka feda, ƙafarsa ta miƙe sarai. Ya zagaye kasuwar awaki sau biyu yana kabbara, furannin Mero suna ƙyalli a ƙarƙashinsa. Wata mai fura ta rangaɗa guɗa.

"Wanga gado ya fi mu rabo," in ji Barau. "Alhaji Gado!"

A hanyar dawowa daga gida na shirya jimla ɗaya, na goge ta tas, irin wadda ban taɓa samun ɗalibin da ya cancance ta ba. Amma jama'a sun riga ni. Wannan na cusa masa dabino, wancan na ɗaura masa ƙullin gari a kariyar keken, kowa na ihun a tuna da shi a addu'a a Makka, da Hausar da baƙon ba ya ji. Ya hango ni ta saman kawunansu, don mu biyu kaɗai ne a can sama, ya dafa ƙirji. 'Yan acaɓa suka sa shi tsakiya suna danna oda, suka yi hanyar Funtuwa.

Na tsaya da guntun da Barau ya yanke a hannuna. Abin da na so in ce masa bai da tsawo: sunanta Mero, in ka isa ka faɗa cewa ta zo.