Kwanon Roba Bisa Rumfar Banda

Almustapha, ɗan ƙanwata da na goya a bayana, shi ya kashe mini suna a kasuwar kifi ta Yelwa. Ba baƙo ba ne ya yi mini, ba maƙiyi ba. Shi ne, da hannunsa da murmushinsa, kuma yana sane.

Ni ce Tabawa mai banda, ta bakin ruwa a ƙasar Ngaski. Tun anka kawo ni gidan mijina marigayi Cindo nake tsugune gaban wuta. Masunta su kawo tarwaɗa da ragon ruwa, in gyara, in lanƙwashe, in jera bisa waya, in hura itacen marke. In ya bushe in cika kwando, in ɗaure da igiyar kaba, in soka jan tsumma cikin ƙullin. Wanga jan tsumma shi ne duk abin da na tara a duniya. Kowane kwando anka sauke a kasuwa sai an kwance shi an tona har gindi, don akwai masu jera mai kyau bisa su ɓoye ruɓaɓɓe ƙasa. Nawa ba a kwancewa. Deborah, wadda ke saye tana kaiwa Kudu, da ta hangi tsumman sai ta ce wa 'yan dako, "Na Inna Tabawa ne, ku loda."

Abu guda hayaƙi ya ci mini, hancina. Ba ni jin wari, ba ni jin ƙamshi. Almustapha ya fi kowa sani, don bayan rasuwar uwarsa shi nake miƙa wa miyar jiya ya shinshina mini ko ta lalace. Har tsokanata yake, wai hancin Inna na ado ne.

Banda ta ciyar da shi, banda ta kai shi makaranta, har ya girma ya buɗe shagon kayan gini a Yelwa. Bara sai ga shi da mota cike da wani jan rufi mai tudu-tudu, yana ƙyalli.

"Inna, taɓa ki ji."

Na ƙwanƙwasa. Bai yi ƙarar kwano ba. Na ce, "Wannan ai roba ce, dangin bokiti."

"Robar zamani ce. Ba tsatsa, ba yoyo, ko ana ruwa barcinki za ki yi. Shi manya ke sawa yanzu."

"To ka kai wa manya. Rumfata ba ta kawo mini ƙara ba."

"Haba Inna. Rumfa baƙa wuluk kamar gindin tukunya, ga ta a bakin hanya. Duk wanda ya sauka daga jirgi sai ya nuna ya ce uwar mai kayan gini ce ciki. Kunya kike ba ni."

Maganar kunyar nan ce ta kama ni. Amma sai da na tambaye shi, Allah shaida. Na ce, "Wuta fa? Ka san abin da nake yi ƙarƙashinta."

Ya yi dariya. "Wutarki na ƙasa, shi yana bisa. Mi ya gama su?"

Haka anka ɓamɓare kwanon da Cindo ya buga da hannunsa, anka ɗora ja. Almustapha ya zagaya yana ɗaukar hoto da waya, sannan ya kafa allon shagonsa a gefen da ke kallon mashigar jirage. Mutane sunka riƙa tsayawa kallo. Masu gini har daga Shanga sunka zo suna shafawa, suna tambayar hanyar shagon.

Sai kifi ya faɗi, masunta na ta kawowa ba iyaka. Na hura murhuna duka, wuta ba ta mutuwa. Cikin rufin ya soma duhu yana kumburi, na ce baƙin hayaƙi ne, kowane rufi na yi. Wata rana maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana toshe hanci ta ce, "Wai wa ke ƙona takalmi ne?" Na ce ta je ta duba yaranta, su ne ba su da aikin yi. Na cika kwandunana, na soka jan tsumma, Deborah ta loda ta tafi kamar kullum.

Kasuwar da ta biyo, ina zaune inda nake zama, sai ga Deborah da 'yan dako ɗauke da kwandunan da na sani. Ba ta gaishe ni ba. Ta zaro wuƙa, ta yanke ƙullin wani sabon kwando da na kawo ranar, jan tsumman ya faɗi ƙasa. A gaban kowa. Ta karya tarwaɗa ta miƙa wa na kusa da ita. Ya kai hanci, ya kau da kai. Wani ya ɗanɗana ya tofar.

Ta ce, "Inna Tabawa, an dawo mini da kaya tun daga Kudu. Wata ta yi miya da shi, gidanta kowa ya yi amai. Mi kika sa a wuta? Leda ko taya?"

Kun san mi wagga tambaya take nufi a wurinmu. Malalata ne ke hura banda da leda da tsohuwar taya don kada su sayi itace. Ni Tabawa anka yi wa ita, da furfurata. Na ɗauki kifin na kai hanci kamar mai hanci, ban ji komai ba. Wata daga baya ta ce, "Ashe jan tsumman rufin asiri ne." Anka yi dariya. Deborah ba ta yi ba, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Ni ko buɗewa ban taɓa yi ba, Inna."

Da na koma gida na ɗauki sanda na zunguri rufin. Ya lotsa kamar ƙullin alkaki. Na duba wayar da nake jera kifi, ga ɗigo-ɗigo baƙi sun daskare a kanta.

Washegari na hau mota zuwa Yelwa, ina ce wa raina yaro ne, shi ma masu kamfani sun yaudare shi. Na iso ƙofar shagon yana ba ni baya, yana nuna wa wani Alhaji irin jan rufin. Da kunnena na ji, kunnena kuwa hayaƙi bai ci shi ba.

"Ranka ya daɗe, ko'ina ka sa shi, amma ban da madafa. Ba ya shiri da zafi, laushi yake yana wari. Can sai kwanon ƙarfe. Tun ranar da anka fara kawo mana shi sunka gargaɗe mu."

Na ce, "Madafar Alhaji ta fi rumfar banda wuta ke nan, Almu?"

Ya juyo. "Inna, sannu da zuwa. Shigo ciki mu yi magana."

"Nan za mu yi ta. A waje anka yi mini tawa."

Alhajin ya tattara babbar rigarsa ya fita. Almustapha ya matso yana rage murya. Wai ya ɗauka rumfar na da tsawo, zafi ba zai kai ba. Wai wurin ne kaɗai jama'a ke gani. Wai gobe zai aiko a cire a mayar mini da na ƙarfe, sabo fil.

Na ce, "Ba rufi na zo nema ba. Ka biyo ni kasuwa ka faɗa wa Deborah da masu kifi cewa kayanka ne, ban ƙona leda ba."

"Inna, in na faɗi haka a kasuwa, wa zai ƙara sayen kayana?"

"Ni wa zai ƙara sayen nawa?"

Sai ya ce abin da har yau yake ci mini zuciya. "Ke ai kin tsufa, Inna. Ki bar bandar nan haka, ki huta. Ni zan riƙe ki."

Ya aiko masu cirewa, na kore su da sandar nan. Rufin na nan a lotse, allonsa na nan a kafe, duk mai sauka daga jirgi ya gani da kyau. Na koma gindin tsamiya na gina murhu, ina banda a fili kamar sabuwar shiga. Kifina ya dawo yadda yake, haka masu hanci sunka ce. Amma kowace kasuwa sai an yanke ƙullina an tona har gindi, yaran da anka haifa gabana suna shinshina kifina ɗaya bayan ɗaya. Deborah na wucewa ta gaishe ni daga nesa.

Na kai maganar ga shugaban masu kifi, ya ce ta gida ce, a yi ta a gida. Ban yarda ba. Ba a gida anka tofar da kifina ba. A kira Almustapha ranar kasuwa, lokacin da ta cika, ya tsaya inda jan tsummana ya faɗi, ya ɗauki kifin nan da anka dawo da shi, na ajiye masa kwando guda, ya shinshina kamar yadda yake shinshina mini miya. Sannan ya buɗe baki ya faɗa wa mutane warin mi ya ji, da wanda ya ɗora shi bisa kaina.