Kariyar Keken Baba Elisha

"Riƙe min shi da kyau, Injiniya. In na faɗi, kai za ka yi wa Mama Joshuwa bayani."

Rabi'u ya dafe sirdin da hannu biyu, Baba Elisha ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye. Keken hawan dutse ne irin na da, ɗan gwanjo, ƙarfe zalla, koren fentinsa duk ya koɗe. Sati uku ke nan suna fama da shi a ƙofar shagon waldar Rabi'u, wanda ke kallon gidan dattijon a wani lungu na Bagama. Sun cire tayoyin nan masu haƙora sun sa masu santsi. Sun yar da siririn sirdin da Baba Elisha ya ce don horon mutane aka ƙera shi, sun ɗaura faffaɗa mai laushi. Yau kuma miƙaƙƙen kan keken suka canza da lanƙwasasshe mai tsayi, yadda mahayi ba sai ya duƙa ba.

"Yawwa. Yanzu na zauna kamar mutum. Sake ni."

Ya taka a hankali har kwanar mai ƙosai. Da zai dawo, turo keken ya yi. Ya zube a kan bencin shago yana jan numfashi kamar wanda ya hau dutsen Zuma.

Shekara ashirin da biyu yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar kuɗi a Madalla. Tun da motoci suka koma cika da masu zuwa Abuja tun daga tasha, ga gosulo a hanya, sai ya fara makara. Sabon shugaban makarantar ya ba shi takardar gargaɗi sau biyu. In aka ba shi ta uku, sallama ce, alhali saura wata biyar ya ajiye aiki da mutuncinsa.

"Baba, ƙafafunka sun kumbura," in ji Rabi'u.

"Safa ce ta matse ni."

"Ai ba ka sa safa ba."

Dattijon ya dubi ƙafafun kamar na wani ne. "Kai dai yi min kariya a baya, inda zan ɗaure kwanon abinci da lema. Litinin zan fara hawa. Maganar ƙafa kuma ta tsaya a nan, kar Mama Joshuwa ta ji."

Rabi'u bai gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo wuta. Ya yanka rodi, ya lanƙwasa, ya shiga haɗa kariyar. Saura gaɓa ɗaya ya ji wata ƙara da ba ta injin ba. Ya ɗaga gilashin fuska. Mama Joshuwa ce, matar dattijon, tsaye a ƙofar gida, babu ɗankwali, da kofi a hannunta, bakinta a buɗe.

Ya gane. Amma sai ya sauke gilashin ya ƙarasa gaɓar. Ya ƙwanƙwasa ta da guduma, ya kashe inji, ya wanke hannu a buta, sannan ya tsallaka. Daga baya ya sha tambayar kansa dalilin haka, bai samo ba.

Baba Elisha na zaune a kujerarsa ta falo, kai a karkace, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayan a ƙasa. Rediyo na ta labarin ƙwallo. Bamidele mai kemis na bakin titi ya shigo da gudu, ya taɓa wuyansa, ya buɗe idonsa, ya daɗe a tsugune.

"Ya tafi," ya ce.

Su biyu suka ɗauke shi zuwa gado. Ya fi yadda Rabi'u ya zata nauyi. Da suka fito, Rabi'u ya nemi inda ake kashe rediyon ya rasa, sai ya zare batir ya riƙe a hannu.

Mama Joshuwa ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ba ta kuka.

"Cewa ya yi bari ya leƙa ya ga ko ka gama."

"Na gama, Mama."

"To." Ta juya kofin a hannunta. "Ka ga ƙafafunsa kuwa?"

"Na gani."

"Ni ma na gani. Ya ce kar in gaya maka, wai za ka ƙi ƙarasa masa aikin."

Rabi'u ya jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ko ciwo ko sauƙi. Babu abin da ya motsa. Ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ta ce amin.

Joshuwa, babban ɗansu, ya iso daga Kaduna da la'asar. Aka tsayar da Talata za a kai gawar ƙauyensu, gaba da Sabon Wuse. Ranar Litinin da safe Rabi'u na cikin masu zaman makoki a ƙofar gida wayar mamacin ta yi ƙara a aljihun Joshuwa. Daga makaranta ne. Joshuwa ya saurara, ya ce, "Ba zai zo ba," ya saurara kuma, sannan ya faɗa musu dalili. Ya kashe wayar.

Rabi'u ya tashi ya buɗe shago. Ya ɗaura kariyar, ya matse notina huɗun da sifana, ya girgiza ta, ba ta motsa ba. Ya goge maiƙon da ke jikin sarƙa. Bai hau ba, turawa ya yi ya tsallaka lungun, ya yi sallama ya shiga da shi tsakar gida.

Matan coci sun cika wurin, tukwane uku a kan murhu, hayaƙi na tashi. Ya jingina keken da bango kusa da randa. Ba wadda ta tambaye shi na wane ne.

Wata matashiya, baƙuwa daga ƙauye da goyo a baya, ta gama ɗauraye rigar jaririnta. Ta duba igiya ta ga zannuwa sun cika ta, sai ta matse rigar ta shanya a kan keken, ta koma bakin murhu. Rabi'u ya tsaya a wurin, hannuwansa a baya, yana kallon ruwan yana ɗiga kan sabuwar tayar gaba.