Haƙurin da Godwin ya haddace

Tun da Dokas ta fara darasin sarrafa magana a jami'a, ba ta ƙara jin magana a matsayin magana ba. Ko mai tumatir ya ce mata "ƙanwata", sai ta ce a ranta, ga shi nan, ya fara jan zuciya. Kai, karatu ma wani lokaci ciwo ne.

To, ran Lahadi Fasto zai sanar da aurenta da Godwin, mai gyaran janareta a Abbare. Sai ga labari wai an gan shi har sau biyu a Yelwa da wata Hope. Dokas ta aika masa cewa in bai zo ya wanke kansa ba, kada Fasto ya wahalar da bakinsa.

Ya zo da la'asar, ya zauna kan benci. Godwin da ko gaisuwa sai ya yi tuntuɓe, yau sai ga magana tana zuba tsaf. Ya fara da yabon haƙurinta. Ya amsa ƙaramin laifi, wai da ya gaya mata janaretan gidan su Hope yake gyarawa. Ya kawo shaida, ya ce a tambayi maigidan. Daga nan ya sassauta murya, ya ambaci marigayiya mamarsa da take son Dokas.

Zuciyarta ta so ta yarda, tana son mutumin nan. Amma yatsunta suna ƙirge a ƙarƙashin zani: yabo, amsa laifi, hujja, tausayi. Daidai yadda malaminsu ya jera a allo, ko ɗaya bai tsallake ba.

Ta tambaye shi wa ya rubuta masa.

Sai ya zaro takarda daga aljihu, duk baƙin mai. Michael, ɗan ajin su Dokas, ya ara masa. Kwana uku yana haddacewa a shago.

Ta ce ai shi ke nan, mai gaskiya ba ya bita.

"Da na yi magana irin tamu, kin ce ina ba ki kunya gaban ƙawayenki," in ji shi. "Na koyi taku, kin ce ƙarya ne. Da wane baki zan gaya miki ban yi ba?"

Ta lalubi dabara a cikin wannan ma, ba ta samu ba. Kafin ta gama lalube, ya riga ya fita.