Kabejin da Tsutsa Ta Ɗanɗana

"Baiwar Allah, wai me kike nema ne?" in ji mai shagon. "Kin bi kabejin nan kaf, kin ɗaga wa kowanne riga."

Uwar Biyu ta ajiye wanda ke hannunta. Tela ce, idonta ya saba gano ɓaraka a jikin yadi tun daga nesa, amma yau ta rasa ko ɗaya.

"Mai huji nake nema," ta ce. "Wanda tsutsa ta ci."

Mai shagon ta dube ta sama da ƙasa, kamar tana tunanin ko rana ce ta buge ta.

Yau ne Uwar Biyu ta fara taka shagon, ko da yake kullum ta gabansa take wucewa. Tun da aka buɗe shi a ƙarshen layinsu, da koren allo mai cewa kayansu ba su san takin zamani ko maganin feshi ba, mutanen layin ke masa kallon hadarin kaji. Wani direba da ke gidan sama ya ce ai wayo ne kawai, a ƙi wanke karas sannan a sa ka biya kuɗin ƙasar da ke jikinsa.

Ita ma ba don kanta ta zo ba. Baba Mai Lambu ne, maƙwabcinta na katanga ɗaya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a lambun bakin rafi kafin 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauko shi ta dawo da shi wajenta. Ciwo ya kwantar da shi, ya kuma rufe bakinsa ga abinci. 'Yar ta dafa, ta lallasa, ta yi faɗa, ta koma kicin ta yi kuka. Da safiyar nan Uwar Biyu ta leƙa, ta tarar da kwano a rufe yadda aka kawo shi.

"Haba Baba, ko cokali ɗaya mana."

"Tela, ganyen nan roba ne," ya ce da ƙyar. "Abin da tsutsa ta ƙi, ni za a ba? Samo mini wanda ta ɗanɗana ta shaida babu guba, in ci sauranta."

'Yarsa ta ce hanyar zillewa ce kawai ya samu. Uwar Biyu dai ta yafa gyale ta fito, domin tana tsoron tsohon nan ya tafi da yunwa a gabansu.

Ga ta yanzu tana ta rarraba ido. Shagon ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake, kamar bayan ruwan farko. Karas a karkace da ganyensa, ƙwai kowanne da kalarsa, wani ma da gashin kaza manne a jiki, wake da gero a manyan kwalabe da ludayin katako. Babu leda ko ɗaya, sai jakar takarda. Ta leƙa farashin zuma, ta yi maza ta ɗauke kai. Amma kabejin nan sumul, kamar an yi masa guga.

Da ta ba da labarin tsohon, sai mai shagon ta murmusa.

"Kullum da safe muke ɓare ganyen saman. Masu saye suna son wanda ba a yi wa feshi ba, amma ba sa son ganin wadda ta riga su ci. Biyo ni."

A bayan shago akwai kwandon da ake tara wa mai awaki ganyen. Can ƙasa Uwar Biyu ta zaro wani ƙaramin kabeji da aka fitar gaba ɗaya, ganyensa duk huji kamar leshi. A cikin lanƙwasar ganye ga wata koriyar tsutsa, ƙatuwa, tana harkar gabanta. Mai shagon ta kai yatsa za ta kakkaɓe ta.

"A'a, bar ta! Ai ita ce shaidata."

Da ta kai masa, Baba ya karɓi kabejin da hannu biyu, ya kai hanci, ya lumshe ido ya daɗe. Da ya buɗa ganyen ya ga baƙuwar, sai dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Ke ce kika yi ƙiba haka? Lallai gidan nan babu mugunta."

Ya sa aka ajiye ta a faranti bisa taga da ganyenta. 'Yarsa ta turara masa ɗan sauran da gishiri. Ya ci. Kaɗan ne, amma ya ci, yana taunawa a hankali yana tambaya.

"Tela, karas ɗin nasu da ganye yake? Tumatir ɗin yana ƙamshi ta gindi? Wa ke noma musu? Da me yake korar ƙwari, da toka?"

Washegari Uwar Biyu ta koma shagon don ta samo masa amsoshi, jibi ma haka. Kullum yakan ci ɗan ganye, ya ce a duba ko abokiyar cinsa ta ƙoshi. Har Uwar Biyu ta fara sa rai zai tashi.

Bai tashi ba. Wata rana da hantsi, tana kan keken ɗinki, ta ji muryar 'yarsa ta katanga tana kiran "Baba, Baba", da irin kiran da ba a amsawa. Ta cire ƙafa daga keken, ta zauna ta yi kuka kamar ubanta ne.

Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, ta shiga taya 'yar naɗe shimfiɗa. Farantin yana nan bisa taga. Ganyen ya bushe, an manta da shi, tsutsar na gefe ta ɗaga kai tana lalube.

"Yaya, in zubar?" in ji 'yar, muryarta a dishe.

Uwar Biyu ta girgiza kai. Ta shiga kicin, ta ɓallo ganye daga ɗan guntun da Baba ya rage, ta ɗora a farantin. Suka zauna a bakin gadon da babu zani, suna kallo, har tsutsar ta sami gefen ganyen ta fara ci.