Buhunan Bayan Gareji

Wani bakanike yana da ɗabi'ar da ake yi masa dariya a kai: duk abin da ya cire daga mota sai ya ƙulle a leda, ya rubuta lambar motar da ranar, ya jefa a buhu bayan gareji. Mutanen yanzu ba su san darajar ajiya ba.

Wata safiya aka jawo motar mijin ƙanwarsa, direban haya, gabanta a lotse. Ta faɗa rami, ta ƙwace, ta daki katanga. Kamfanin inshora ya ce sakaci ne, birki ya cinye, ba zai gyara ba. Motar kuwa ita ce abincin gidan.

Kafin jami'in inshorar ya iso, direban ya ja bakanike gefe.

"Yaya, ka ce masa komai nata garau yake."

"Komai?" Bakanike ya danna bayan motar da hannu biyu, ya saki. Ta yi ta rawa har sau huɗu. "Wannan shakazoba tun bara nake maka magana."

"To ka yi shiru a kanta. Don ƙanwarka."

"Ƙanwata na ba ka, ban haɗa maka da bakina ba."

Jami'in ya zo da takardunsa, fuska ba walwala. Bakanike bai jira tambaya ba.

"Rubuta, ranka ya daɗe. Shakazobar baya ta mutu, laifin wannan malalacin ne."

Direban ya dafe kai.

"Birki fa?" in ji jami'in.

Bakanike ya cire taya, ya nuna masa takalman birkin, da kaurinsu. Ya zaga bayan gareji, ya dawo da leda mai lambar motar: tsofaffin da ya cire wata biyu da suka wuce, sirara kamar reza. Sannan ya haska masa ƙarfen sitiyarin da ya karye.

"Duba bakin karayar. Fari tas, ba tsatsa. Tsohuwar tsaga baƙi take yi. Rami ne ya karya shi."

Jami'in ya shafa da yatsa, ya daɗe yana rubutu.

"Da ka ce komai lafiya, da ban ko sunkuya ba. Za mu gyara gaba. Shakazoba kuwa tasa ce."

Da ya tafi, direban ya yi ta washe baki.

"Yaya, ashe sharar nan taka tana da rana."

"Ɗauko jak," in ji bakanike. "Yau za a sauya shakazobar nan, kana tsaye."