Matar da Ke Bayan Gingimarin Ishiyaku

A shekarar da aka yi zaɓe na biyu bayan sojoji sun koma bariki, Malam Ishiyaku direba na Kibiya ya ajiye abubuwa da yawa. Ya ajiye taba, ya ƙone kaset-kaset ɗin kalangu, ya ɗage wandonsa sama da idon sawu, ya bar gemu. Abu ɗaya ne ya gagare shi ajiyewa, wato tsohuwar gingimarinsa mai bodin katako, domin da ita yake ci da iyalinsa tun yana saurayi, yana kwasar dawa da gyaɗa da albasa zuwa kasuwanni.

A marfin bayan wannan mota akwai hoton mace. Kanta ba ɗankwali, ta sha kitson shuku, ga manyan 'yan kunne, tana riƙe da mafici tana murmushi da wushiryarta a fili. Shekara ashirin da biyu tana bayan motar, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, amma fentin bai ko dushe ba.

Lokacin ne mutanen unguwarsu suka kafa kwamitin sa-kai na hisba, kuma ana neman wanda zai zama mataimakin Liman Ja'afaru a shugabancinsa. Ishiyaku ya sa ransa a kan kujerar nan kamar ya mutu. Ba albashi a cikinta, ba fili, ba komai. Amma mai ita shi ke zama kusa da Liman a tabarma, shi ke riƙe lasifika, kuma in ya zo wucewa samari kan ɓoye karta. Wannan kawai yake so, ko da yake da za a tambaye shi zai ce don Allah ne.

Wata Talata bayan la'asar Liman ya ja shi gefe.

"Malam Ishiyaku, ranar Asabar akwai babban wa'azi a Rano. Motarka ce za ta kwashe mu. In mun dawo kuma za a sanar da maganar nan da ka sani, sunanka ne a gaba. Amma fa ba za mu shiga gari da waccan baiwar Allah a bayanmu ba. Wai ma ina ka samo ta?"

Liman baƙo ne a garin, shekararsa takwas da zuwa daga Zinyau. Ishiyaku ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, haka na sayi motar a hannun wani mutumin kudu. Ban san ko wace ce ba. Abin ya daɗe yana damuna."

Ƙarya ce tsagwaronta. Matar da ke bayan motar Laraba ce, matarsa, uwar 'ya'yansa shida. Shi da kansa ya kai hotonta wurin Maharazu mai fenti a Rano lokacin yana nemanta, ya tsaya a kansa kwana uku yana cewa a ƙara wa idon kwalli. Dattawan unguwa duk sun san wannan, amma ba wanda ya gaya wa Liman. Suna ajiye labarin ne sai ranar da zai fi daɗi.

Washegari Ishiyaku ya bar motar a gida, ya hau acaɓa zuwa Rano. Ya tarar da Maharazu a rumfarsa ta bakin tasha, tsoho siriri, farcensa kowanne da launinsa, yana rubuta allunan wa'azin Asabar.

"A'a! Sarkin Kwana da kansa!" in ji Maharazu, yana kiransa da sunan da 'yan tasha suka sa masa tun zamanin da yake shan kwana ba birki. "Wannan gemu fa? Aro ka yi ko naka ne?"

"Ka rage murya. Malam Ishiyaku ake ce min yanzu. Tambaya na zo yi, wani abokina ne ke son sake fentin motarsa."

"Abokin nan naka, motarsa tana da wushirya?"

Maharazu ya yi dariya har da tari, sannan ya goge hannu ya yi masa bayani tsakani da Allah. Ya ce fentin mai ba a rufe shi haka kawai. Sai an bi shi da sanfefa an kankare santsinsa, an wanke, an shafa na ƙasa, ya bushe, sannan a hau da na sama.

"Ka kawo min ita yau, jibi ka ɗauka. Ko sisi ba na so, aikina ne, ni ya kamata in binne shi. Sai dai za ta kwana biyu a nan bakin tasha, kuma ka san ni. Duk wanda ya tambaye ni wace ce, zan gaya masa. Ban taɓa zana abin da ya kai ta kyau ba, ba zan shafe ta ina shiru ba."

Ishiyaku ya dubi tasha. Kowace mota mai zuwa Kibiya daga nan take tashi. Maganar da aka yi a rumfar Maharazu da hantsi takan riga azahar isa kunnen Liman. Ya yi ta auna abin a ransa: ya ba gwani aikinsa asiri ya tonu, ko ya yi da hannunsa asiri ya rufu. Mutumin kirki da sai ya koma wurin Liman ya ce, "Malam, jiya na yi maka ƙarya," a yi dariya a wuce. Ishiyaku bai ko kawo wannan a lissafi ba. Ya sayi sanfefa ya koma gida yana faɗa wa kansa cewa fenti ai ba karatu ba ne.

Ranar Alhamis da safe ya tsaya a ƙofar gida, ya hau benci, ya dafa marfin motar da hagu, ya fara goga da dama. Tsautsayi ya sa daga kumatu ya fara. Bai yi minti biyar ba 'yan majalisar ƙofar gidan maƙwabcinsa suka juyo da kujerunsu suna fuskantarsa. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta zo wucewa, ta tsaya, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Malam Ishiyaku, da rana tsaka? A bakin titi kake shafa mata fuska?"

Majalisa ta fashe da dariya. Ishiyaku ya diro daga benci kamar wanda kunama ta harba, ya wurga sanfefar cikin kwata, ya shige gida. Ya yanke wa kansa hukunci cewa goge-gogen nan bai dace da mai neman irin kujerarsa ba, kuma dama Maharazu ya faɗa ne don ya nuna aikinsa da wuya.

Laraba tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ji komai ta katanga. Yanzu ta yi jiki, furfura ta fara leƙowa, amma wushiryar tana nan. Ta kuma ji labarin mutumin kudu, domin matar Liman ta tambaye ta a gidan suna ko ba ta kishin hoton wata arniya a motar mijinta. Ba ta ce wa Ishiyaku komai a kai ba.

"Malam, in fenti kake nema, ai akwai sauran wanda muka shafa wa ɗakin Saude lokacin bikinta. Rabin buhu yana nan a rumbu. Da ruwa kawai ake dama shi."

"Yana da kyau?"

"Shekara biyu ke nan yana bangon ɗakin. Shiga ka gani ko ya canza."

Ya shiga ya gani. Shuɗi ne garau kamar jiya aka shafa. Bai tsaya ya tuna cewa ba a ruwan sama a cikin ɗaki ba, ita kuma Laraba ba ta ga dalilin tuna masa ba. Har bokiti ta wanke masa.

Ya dama fenti ya fita. Da ya zo kan hoton sai ya kau da kai gefe, yana shafawa yana kallon masallaci, don majalisa ta shaida. Laraba ta ɓace a shafa uku. Daɗin abin ya ɗebe shi, ya bi bodin gaba ɗaya, ciki da waje, har bencinan da fasinja ke zama. Kafin magariba gingimari ta zama shuɗiya fes. Ranar Juma'a bayan an sauko, Liman ya zagaya ta ya ce, "Ma sha Allah. Da hannunka?"

"Da hannuna, Allah ya gafarta Malam. Abin da mutum zai iya, me zai kai shi wurin 'yan tasha?"

Asabar da safe mutum talatin da wani abu suka hau, kowa cikin farin kaya mai guga. Ishiyaku ya cire tamfol ɗin sama ya bari a gida, don kada ya rufe wa mutane kyan aikinsa. Liman ya zauna a gaba kusa da shi. Bayansu kuma ƙananan motoci huɗu da babura suka biyo a jere.

Watan Yuli ne. Sun yi rabin hanya hadari ya haɗo daga gabas, kafin su hango duwatsun Rano ruwa ya kece. Ba wurin fakewa, lokaci kuma ya ƙure, sai Ishiyaku ya taka mota. Can sai motar da ke bayansu ta fara ham. Ta biyu ta karɓa. Masu babura suka riƙa zuwa daidai tagarsa suna nuna baya suna dariya.

"Me suke cewa?" in ji Liman.

"Fentin ne ya burge su," in ji Ishiyaku, ya ɗaga musu hannu yana godiya.

Suna shiga filin wa'azi ruwa ya ɗauke. Jama'a sun fito daga rumfuna, ɗaruruwa. Ishiyaku ya shawo kwana a hankali yadda kowa zai gani, ya tsaya daidai gaban mumbari, ya sauko yana gyara hula.

Mutanen Kibiya suka fara dirowa ɗaya bayan ɗaya. Ba mai farin kaya ko ɗaya a cikinsu. Wani shuɗin a mazaunai, wani a gadon baya, wani ya share ruwa daga fuska da tafin hannu ya zama kamar wanda ya faɗa karofi. Ladanin unguwa gemunsa ya rine har yana ɗiga. Amma ba su jama'a ke kallo ba. Ishiyaku ya zagaya baya. Ga ta nan, ruwa ya wanke ta tas, shuku da 'yan kunne da mafici, tana yi wa malaman Rano murmushi. Kumatun da ya goga da sanfefa ne kawai suka riƙe fentin, sai ta zama kamar ta yi kwalliya.

Maharazu yana kan tsani yana ɗaura allon da ya rubuta. Ya juyo, ya gani, ya saki igiya.

"Allahu akbar! Laraba ta ƙi binnuwa! Sarkin Kwana, ban ce maka sai an goge ba?"

Liman Ja'afaru ya tako a hankali ya tsaya kusa da Ishiyaku.

"Wace Laraba?"

"Matarsa mana, Malam," in ji Maharazu daga sama. "Ni na zana ta. Kwana uku yana tsaye a kaina yana cewa wushiryar ba ta fito ba."

Dattawan Kibiya, da shuɗinsu da komai, suka riƙa dariya har suna dafa juna. Ranar da suke jira ta zo. Liman bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"Malam Ishiyaku, hoto aikin ƙuruciya ne, kowa ya yi tasa. Da ka ce min matarka ce, da mun yi dariya na ce ka kai wa mai fenti. Amma ka dube ni a ƙofar masallaci ka mayar da uwar 'ya'yanka matar wani mutumin kudu. Ta yaya zan ba ka lasifika ka tsaya kana ce wa mutane su ji tsoron Allah?"

Da suka koma Kibiya aka sanar da Abdulganiyyu tela a matsayin mataimaki, mutumin da ko keke ba shi da shi.

Ranar Litinin gingimari ta tsaya a rumfar Maharazu. Ishiyaku ya sauko ba hula ba fara'a.

"To, a kankare ta?" in ji Maharazu.

"A'a." Ya yi ta murza makullin mota kafin ya ƙarasa. "Laraba ta ce bodin a yi masa kowane launi aka ga dama. Amma ita kada a taɓa ta. Wai a sa mata mayafi kawai, tunda yanzu matar aure ce."

"Wane launi?"

"Ta ce shuɗi."

Maharazu ya yi aikin yadda ake yi, da sanfefa da na ƙasa da na sama, ya kuma ba duk wanda ya tsaya labari daga farko har ƙarshe, kwana biyu cur. Da motar ta dawo gida Laraba ta leƙo daga zaure, ta daɗe tana kallo.

"Ya iya aikinsa," ta ce. "Malam, sauran garin fentin nan yana rumbu, ko za ka sake buƙata?"

Ishiyaku ya wuce ta ya shiga gida. Washegari da asuba ya loda albasa ya nufi kasuwa, ita kuma tana baya cikin mayafinta tana yi wa motocin da ke biye murmushi.